Sa Rediyo A Mota: Aikin Da Ido Ba Ya Gani

Wannan shi ne jawabin da editanmu ya yi a gaban direbobi, masu wayarin ɗin mota da yaran gareji, waɗanda suka taru daga Rano da Kibiya. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. A karanta, a kuma karanta wa na kusa.

Iyayenmu dattawa, shugabannin tasha, masu gareji, yayyena direbobi, da ƙannena masu koyon sana'a, ina yi muku barka da zuwa. Na san kowa ya baro nemansa ya zo nan. Saboda haka ba zan tsare ku da dogon zance ba.

Maganarmu ta yau a kan sa rediyo da sifika a mota ce. Wani zai ce, wannan ma har ta isa a tara manya a kanta? Ta isa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Waya ɗaya da aka ɗaura ba daidai ba tana iya ƙone motar da mutum ya yi shekara 10 yana tara kuɗinta. Tana iya ƙone ta da fasinja a ciki.

ABIN DA YA SAME NI

Bari in fara da kaina. Shekarun baya na sayi wata 'yar mota ta hannu. Ba ta da rediyo. Ga shi muna da biki a gida, ina so in shiga gari da kiɗa. Na kai ta wurin wani mai wayarin a bakin titi. Ya faɗi kuɗinsa, na rage rabi. Ya ce in dawo gobe, na ce yau nake so. Kafin awa ɗaya ya gama. Ya kunna, sauti ya tashi. Na ce masa aikinka ya yi kyau. Na biya na tafi.

Bayan wata 3, cikin tsananin bazara, mun baro Bunkure mun nufo Rano. Mahaifiyata tana gaba, yarana biyu suna baya. Sai Hajiya ta ce, "Kai, ba ka jin ƙaurin roba?" Kafin ta rufe baki hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari. Na tsaya, muka fita da gudu. Wani direban babbar mota ne ya tsaya ya taimake mu. Ya ɗauko sifana ya kwance kan batir, hayaƙin ya lafa.

Washegari wani dattijo mai wayarin ya buɗe ya nuna mini. An jawo waya daga batir kai tsaye, ba fiyus. An zura ta cikin wata huda ta jikin ƙarfe, ba roba a bakin hudar. Girgizar hanya ta sa ƙarfe ya riƙa cin rigar wayar a hankali, har ya kai ga tsirara. Kuɗin da na kashe a gyara ya ninka kuɗin rediyon sau 3.

Na yi fushi da mai wayarin ɗin. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga laifin namu ne mu biyu. Ni na matse shi a kuɗi, ni na hana shi lokaci. Kuma ni na yaba aikin da kunne, ban duba da ido ba.

DARASI DAGA MARINA

Mu mutanen wannan yanki mun gaji sana'a. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ake kira sarakunan baba, wato su ne masu rini. Kakanninmu sun san wani abu. Ranar kasuwa, rini mai kyau da marar kyau duk sheƙi suke yi. Sai zane ya shiga ruwa ake gane marinin ƙwarai.

Haka aikin rediyo yake. Ranar da aka sa shi, aikin gwani da aikin ɗan koyo duk ƙara suke yi. Bambancin yana can ɓoye a bayan dashbod, da ƙarƙashin shimfiɗar mota, inda mai mota ba ya gani. Zafin bazara, ƙurar hunturu, ruwan damina da ramukan hanya, su ne za su tona shi. Wannan shi ne jigon maganata yau. Ingancin aikin yana wurin da ido ba ya kaiwa. Saboda haka aikin amana ne.

TAƘAITACCEN TARIHI

Rediyon mota ya yaɗu ne daga ƙasar Amurka. A shekarar 1930 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Galvin suka fito da wanda suka kira Motorola. A 1932 kamfanin Blaupunkt na Jamus ya fito da nasa. A 1963 kamfanin Philips ya ƙirƙiro kaset. A nan gida, kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. Dattawanmu suna tune da zamanin 504, lokacin da direba yake juya kaset da biro.

Yau kaset ya zama labari. Sai mimori da Bluetooth, da rediyo mai fuskar talabijin. Ga amfilifaya da manyan sifiku a but. Masu babura da masu A Daidaita Sahu ma ba a bar su a baya ba. Masu tallar magani da 'yan siyasa suna ɗaura lasifika a kan mota. Kayan sun ƙaru, wutar da suke ja ta ƙaru. Amma hannun wasu masu aikin yana nan yadda yake tun zamanin kaset. A nan haɗarin yake.

YADDA WUTA TAKE TAFIYA

Duk wanda yake noman rani zai gane wannan da sauri. Ku ɗauki batir kamar madatsar ruwa ta Tiga. Ku ɗauki waya kamar tiyon ban-ruwa. Rediyo da sifika su ne gonar da ake shayarwa.

Babbar gona tana bukatar babban tiyo. Haka babban sauti yake bukatar waya mai kauri. Idan aka tilasta wa siririyar waya ta ɗauki wuta mai yawa, sai ta yi zafi. Rigarta ta narke. Daga nan sai gobara.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Yawancin manyan motoci suna aiki da bolt 24. Yawan wutar da take bi ta cikin waya kuma ana auna shi da amfiya. Ga lissafi mai sauƙi. Amfilifaya mai ƙarfin wat 300, a raba 300 da 12, an sami 25. Wato zai ja amfiya 25, ko fiye. Rediyo shi kaɗai yawanci fiyus mai lamba 10 ya ishe shi. Kun ga ke nan wayar da ta ishi rediyo ba za ta ishi amfilifaya ba.

ALAMOMI 6 NA AIKI MAI KYAU

Na farko, fiyus. Fiyus mai gadi ne. A cikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe. Idan wuta ta yi yawa, sai ya tsinke, ya yanke wutar kafin waya ta kama. Shi ya mutu, mota ta tsira.

Duk wayar da aka jawo daga batir dole a sa mata fiyus. Kuma a sa shi kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya daga kansa. Dalili kuwa, tsakanin batir da fiyus babu mai gadi. Idan aka kai fiyus can but, to, duk tsawon wayar nan da ta bi ƙarƙashin ƙafar fasinja a sake take.

Kowane fiyus yana da lamba a kansa, yana kuma da launi. Ja lamba 10. Shuɗi lamba 15. Ruwan ɗorawa lamba 20. Kore lamba 30. Wanda ya iya karanta lamba ba za a cuce shi a nan ba. Idan mai lamba 10 ya ƙone, mai lamba 10 za a mayar.

Jama'a, a nan muke da muguwar al'ada. Fiyus ya ƙone, sai a naɗa masa silin waya, ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Wannan daidai yake da ka kori mai gadi don ya yi ihun ɓarawo. Fiyus ba ya ƙonewa banza. Idan ya ƙone sau biyu a jere, akwai ciwo a wani wuri. A nemo ciwon.

Na biyu, ita kanta wayar. Waya ta gaskiya da jan ƙarfe ake yin ta. Amma kasuwa ta cika da wata iri, cikinta sanholo, an shafa mata jan ƙarfe a baya. Wutar da sanholo yake ɗauka ba ta kai kashi biyu cikin uku na wadda jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka ba. Kuma yana saurin karyewa. Ga yadda za ka gane ta. Ka kankare silin da wuƙa. Idan ka ga fari a ciki, sanholo ce. A hannu ma ba ta da nauyi. Wata kuma rigar ce mai kauri, silin ciki ɗan kaɗan. In ka je sayayya Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ka dubi bakin wayar inda aka yanke, kada ka dubi rigarta.

Na uku, mahaɗa. Wato inda aka haɗa waya da waya. Mai gaggawa zai fere waya da haƙori, ya murɗa su da yatsa, ya naɗe da baƙin salatif. A watan Maris da Afrilu zafin garinmu yana kaiwa digiri 40. Cikin motar da aka ajiye a rana ya fi haka nesa. Danƙon salatif mai araha sai ya narke, ya warware. Mahaɗar da ta yi sako-sako tana yin zafi, tana tartsatsi.

Gwani yana like mahaɗa da dalma, ko ya matse ta da ɗan ƙarfen haɗi. Sannan ya rufe ta da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Idan salatif zai sa, mai kyau zai sa, ya naɗe sosai. Ka ja mahaɗar da hannu. Idan ta zare, ba a yi aiki ba.

Na huɗu, hanyar da waya ta bi. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, a sa zoben roba a bakin hudar. Rashin wannan zoben ne ya kusa hallaka ni da iyalina. Kada waya ta bi kusa da salansa. Kada ta bi kusa da birki ko totur, inda ƙafar direba take. Kada ta bi ta bakin ƙofa ana matse ta kullum. Masu ɗaura lasifika a saman mota, wannan taku ce. A ɗaure waya tsaf kowane taƙi ɗaya ko biyu, kada a bar ta tana lilo.

Kafin a huda jikin mota, a leƙa a ga abin da yake bayan wurin. Tankin mai yana ƙarƙashin kujerar baya a motoci da yawa. Bututun birki da na mai suna bin ƙarƙashin mota. Ƙusa ɗaya tana iya huda su.

Na biyar, baƙar waya, wadda ake ɗaurawa a jikin mota. Ta nan wuta take komawa batir. Ta zama gajeriya, kaurinta kuma daidai da na wayar da ta kawo wutar. A kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, sannan a ɗaure da noti. Kun taɓa jin wani kuka siriri a sifika, wanda yake ƙaruwa idan an taka totur? Sau da yawa daga nan yake. Wani lokaci kuma an jera wayar sauti ne tare da wayar wuta. Gwani yakan raba su, ɗaya ta bi dama, ɗaya ta bi hagu.

Na shida, zaman kaya. Rediyo ya zauna daram a gurbinsa, ba a tokare shi da kwali ko tsinke ba. Akwatin sifika a ɗaure shi a but. Akwatin da ba a ɗaure ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi zai zama dutse a kan na baya. Amfilifaya yana son iska. Kada a danne shi da buhun masara. Kuma kada jarkar fetur ta zauna kusa da shi. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 wasu suna ajiye jarka a but. Fetur da tartsatsi ba sa zama wuri ɗaya.

GA ƘANNENA MASU KOYO

Ku matso, wannan taku ce. Kafin ka taɓa kowace waya, ka kwance kan batir mai alamar ragi. Shi ne farkon cirewa, shi ne ƙarshen mayarwa.

Yawancin rediyon da ake saya daban, irin su Pioneer, Sony da Kenwood, launin wayoyinsu ɗaya ne. Ruwan ɗorawa tana son wuta kullum, ita ke riƙe wa rediyo tashoshinsa. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ta jikin mota ce. Fara, ruwan toka, koriya da shunayya na sifiku ne.

Idan ka haɗa ja da ruwan ɗorawa ka kai su batir kai tsaye, rediyo zai iya kwana yana shan wuta. Da asuba direba ya zo lodi, mota ta ƙi tashi. Fasinja sun shiga ta wani. A wasu motocin Jamus, irin su Golf, gurbin waɗannan wayoyi biyu a juye yake. Alamarsa ita ce rediyo ya riƙa manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota. Saboda haka kada ka yi canke. Ka gwada da mita ko fitilar gwaji.

Kowace sifika tana da ƙafa biyu, ta ƙari da ta ragi. Idan ka juya ɗaya, sifikun za su riƙa jayayya da juna, sautin ganga ya ɓace. Ga gwaji. Ka ɗauki batirin tocila guda ɗaya, ka taɓa shi a ƙafafun sifika na ɗan lokaci. Idan takardar sifikar ta turo waje, ƙafar da take kan tsinin batir ita ce ta ƙari.

Kada ka tara sifiku da yawa a kan layi ɗaya. An yi kowane layin rediyo domin sifika ɗaya mai lamba 4. Idan ka goya masa biyu ko uku, zai ja wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi, ya ƙone. Kamar jaki ne aka ɗora masa kayan raƙumi.

Motocin yanzu suna da kwamfuta a ciki, wadda muke kira ƙwaƙwalwar mota. Suna da jakar iska mai kare direba ranar haɗari. Wayoyin jakar iska yawanci an sa musu riga ko kai ruwan ɗorawa mai haske. Kada ka yanka su, kada ka soka musu fitilar gwaji. Abin da ba ka sani ba, ka tambayi maigidanka. Tambaya ba ta rage gwani.

GA IYAYEN GIDA MASU GAREJI

Yaro da hannun maigidansa yake tashi. Idan ya ga kana naɗa wa fiyus waya, shi ma haka zai yi har ya tsufa. Ku duba aikin yaranku kafin a rufe dashbod. Kada ku yaye yaro don ya daɗe. Ku yaye shi don ya iya.

Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yi wa masu sana'ar hannu jarrabawar gwaji. Ana farawa daga mataki na 3, sai na 2, sai na 1. Wanda ya ci yana samun takardar shaida. Ku ƙarfafa wa yaranku su nema. Ku da kuke cikin ƙungiyar makanikai ta NATA, ku zauna ku yi wa kanku ƙa'ida. Ko guda ɗaya ce ta isa a fara da ita: a Rano da Kibiya ba mai jawo waya daga batir ba tare da fiyus ba.

Idan mai mota ya ce a yi masa na araha wanda kun san zai cutar, ku faɗa masa gaskiya. In ya ƙi, ku bar shi ya tafi. Ranar da motar ta kama wuta ba zai ce shi ya matsa ba. Sunanku za a kira a tasha.

GA MU MASU MOTA

Mu ma muna da namu. Araha ba ta ado. Sauri kuma ya kan haifi nawa. Ka ba mai aiki lokaci, ka biya shi haƙƙinsa. Sannan ka riƙe waɗannan.

Ka tsaya a wurin, ka ga aikin kafin a rufe. Ka ce, "Malam, nuna mini fiyus." Ka ce, "Nuna mini inda waya ta ratsa ƙarfe." Gwani ba ya jin haushin wannan tambaya. Daɗi ma yake ji.

Ku rubuta yarjejeniya ko a 'yar takarda ce. A sa kwanan wata, kayan da aka sa, kuɗin da aka biya, da kwanakin da zai gyara kyauta idan abu ya lalace. Kowa ya sa hannu. Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi.

Kada babbar lamba a jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta wat 2000 a kan ɗan ƙaramin amfilifaya. Ka dubi fiyus ɗin da yake jikinsa. A ce lamba 20 ne. Idan inji yana aiki, wutar mota takan kai bolt 14. To, 20 sau 14, an sami 280. Ba yadda za a yi ya ba da abin da ya fi wanda ya sha. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bayan an gama, ka gwada komai kafin ka tafi. Fitilu, sigina, ham, da abin share gilashi. Ka kashe mota ka zare makulli, ka ga ko rediyo ya mutu. Bayan ka yi tafiyar rabin awa da sauti, ka taɓa wayar. Idan ta yi zafi, ka koma.

Sai maganar ƙara. Direban da ya ƙure sauti ba ya jin ham, ba ya jin jiniya, ba ya jin kukan injinsa. Ba ya jin fasinja idan ta ce a tsaya. Ƙara mai yawa tana kashe ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ga awo mai sauƙi. Idan sai kwandasta ya ɗaga murya kafin ka ji shi, sautin ya yi yawa. A motarka akwai tsoho, akwai jariri, akwai marar lafiya da za a kai asibiti.

IDAN AN JI ƘAURI

Allah ya kiyaye. Amma idan ka ji ƙaurin roba, kada ka ce bari in ƙarasa tasha. Ka sauka gefen hanya, ka kashe mota. Fasinja su fita tukuna, su yi nisa. Kaya su jira. Idan hayaƙi ne kawai, kuma kana iya kaiwa ga batir lafiya, ka kwance kan mai alamar ragi. Saboda haka ka ajiye sifanar kan batir kusa da hannu. Idan harshen wuta ya tashi a inji, kada ka wangale murfin, iska za ta ƙara mata ƙarfi. Ka yi amfani da abin kashe gobara ko yashi. Kada ka watsa wa wutar fetur ruwa. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana bukatar kowace mota ta riƙe abin kashe gobara. Ka riƙe mai aiki, ba fanko na nuna wa jami'i ba. Idan wuta ta fi ƙarfinka, ka ja da baya. Ana sake sayen mota.

TAMBAYOYI DAGA MAHALARTA

Wani direba daga Kibiya ya ce ya sayi rediyon gwanjo mai kyau, amma ya ƙi kama Freedom Radio. Ko an cuce shi?

Amsa: Mai yiwuwa rediyon lafiyarsa ƙalau. Tsofaffin rediyon da aka yi domin ƙasar Japan suna kamawa ne daga lamba 76 zuwa 90 a zangon FM. Ita kuwa Freedom ta Kano tana kan 99.5. Ba zai kai can ba. Kafin ka saya, ka sa a kunna, ka ga lambobinsa suna tafiya daga 88 har 108.

Wani mai babbar mota ya ce batiransa biyu ne. Zai iya jawo wa rediyo wuta daga guda ɗaya?

Amsa: Zai yi aiki, amma akwai asara. Batirin da ake ja zai riƙa raguwa, ɗan'uwansa yana cika fiye da kima. A ƙarshe duka biyun su mutu da wuri. Akwai 'yar na'ura mai rage wuta daga 24 zuwa 12. Kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. A sa ta, da fiyus ɗinta.

Wani saurayi mai babur ya ce shi fa ɗan MP ne kawai ya sa. Wannan magana ta shafe shi?

Amsa: Ta shafe ka, ƙanena. Kai ma fi kowa, domin tankin mai yana tsakanin ƙafafunka. Ka sa ƙaramin fiyus kusa da batir. Ka bi da wayar ta makulli, ka ɗaure ta nesa da salansa, ka kare ta daga ruwan sama.

KAMMALAWA

Iyayena da 'yan'uwana, na ba ku labarin gemuna da ya kama wuta. Saura ku shafa wa naku ruwa. Ina roƙon kowa abu guda. Yau kafin magariba, ka buɗe motarka. Ka dubi kan batir. Idan ka ga wata waya da aka ƙara, ka bi ta da hannu kamu ɗaya. In ka sami fiyus, madalla. In ba ka samu ba, kada ka yi lodi gobe sai an sa.

Mai wayarin kuma, duk lokacin da za ka rufe dashbod, ka tuna cewa matar wani da 'ya'yan wani za su zauna a kan aikin nan naka. Wataƙila ma naka ne.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu.